Allon da Ya Ƙone a Lambun Gangara

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu karatu. Kwana tara ban rubuto muku komai ba. Na ga saƙonninku duka, har da na mai cewa ɗokin aure ne ya hana ni riƙe waya. Ina ma a ce shi ne. Ku gyara zama, yau ba labarin ɗinki da lalle na zo da shi ba.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Nusaiba, 'yar Malam Inusa ta garin Gazawa. Kakanninmu da shanu suka sauko daga arewa, suka zauna suka kama noma. Abin da ya rage mana na can bai wuce kiran mahaifinmu Baffa ba, sai kuma Inna da ba ta shan furar da ba ita ta dama ba. Na yi karatun lantarki shekara uku a Maradi. Wanda zan aura Salim ne, mai shagon kayan sola a bakin titi kusa da tasha. An kawo lefe, an sa rana, sati guda bayan Sallar Layya.

In kun taɓa ganin an buɗe rediyo ko waya, kun ga wani koren allo mai siraran layuka kamar jijiyar ganye. Layukan nan jan ƙarfe ne, su ne hanyoyin da wuta ke bi. Mutum ne ke zama ya zana su a kwamfuta, ya aika wa masana'anta a China, su buga su aiko. Aikin da na koya ke nan.

A shekarata ta ƙarshe a makaranta na zana wani allo da ke zama tsakanin faifan sola da famfon rijiya. Rana na fitowa ya tada famfo a hankali, ruwa na yin ƙasa ya tsayar da shi. Wata huɗu na yi a kansa, don zafin ƙasarmu nake tunani. Inda babbar wuta za ta bi, na yi hanyar da faɗin ɗan yatsana, na nemi jan ƙarfe mai kauri gaba da baya. Kayan da ke ɗaukar zafi na jera su a gefe inda za su manne da farantin alminiyam, na huda ƙananan ramuka a ƙarƙashinsu don zafin ya ratsa ya fita ta baya. Akwai wasu 'yan gwangwanaye masu riƙe wuta da ba sa jure zafi, su na kai su can ɗaya ƙarshen. Na kuma rubuta a shafe allon da fentin kariya saboda ƙura da raɓa. Guda biyar aka buga min. Ɗaya yana lambun Baffa, bazara biyu ke nan bai taɓa fashi ba.

A bakin wannan famfon Salim ya fara ganina. Ya zo kawo wa Baffa batir, ya durƙusa ya buɗe akwatin, ya daɗe yana kallo.

"Malam, a ina ka sayi wannan?"

Baffa ya nuna ni da baki. "Ga mai shi nan tana cirar zogale."

Tun ranar yake kirana Injiniya. Ba zan ɓoye muku ba, sunan nan ne ya fara sace min zuciya. Duk samarin da suka zo kafinsa, da sun ji aikina sai su yi dariya su ce wa zai auri mace mai ƙarfen liƙi a hannu. Shi kuwa zama yake ya yi ta tambayata, ina bayani yana gyaɗa kai.

Bara da kaka wata ƙungiyar taimako ta fito da aikin sa famfo a lambuna arba'in na mata a ƙauyukan Gangara. Salim ya ce in turo masa zanen ya nemi kwangilar da shi. Har yanzu saƙonsa na cikin wayata: "Injiniyata, naki nawa ne, nawa naki ne. Wannan aikin shi zai gina mana ɗaki." Ko minti biyar ban yi ba na tura masa komai.

Ya samu kwangilar. Takardu duk da sunan shagonsa. Ranar buɗe aiki na gan shi a hoton bidiyon da ake ta yaɗawa, cikin farar shadda, riƙe da makirfo, ana tafa masa. Na saurari jawabin sau uku ko zan ji sunana. Babu. Na ce wa zuciyata ai gida ɗaya za mu zama. Na nemi in ga allunan kafin a kafa, ya ce a rufe suka zo kuma ana sauri. Inna ma ta ce yarinyar da aka sa wa rana ba ta bin saurayi ƙauye-ƙauye. Na haƙura.

Talatar makon jiya, bayan azahar, ina tsakar gida ina gwada wani leshi ruwan zuma da tela ya aiko, Inna na ja min hannun rigar tana cewa ya matse, muka ji sallama. Wata doguwar mata ce, za ta yi shekara hamsin, atamfarta ta koɗe, ƙafafunta fari fat da ƙura.

"Nan ne gidan su Nusaiba mai ilimin wuta?"

Inna ta shimfiɗa mata tabarma ƙarƙashin rumfa, na ɗebo ruwa a randa. Ta shanye kofin tas, ta yi hamdala, sannan ta kwance wani kallabi da ta riƙo a ƙulle. Warin ƙuna ya bugi hancina tun kafin in ga abin da ke ciki.

"Sunana Latifa. Ni ce uwar ƙungiyar matan lambu a ƙauyenmu, wajen Gangara. Ɗiyata, an ce ke kika yi wanga abu."

Allo ne, rabinsa baƙi ƙirin.

"Kwana shida ke nan famfo bai ba da ruwa ba," in ji ta. "Mu talatin da biyu muna ja da guga, rijiyar kuwa kin san zurfinta. Ganyen salati ya tahi tun kwana na biyu. Tumatir na bin shi. Albasa ce muke ta kokawa da ita. Kuma ba mu kaɗai ba, lambu goma sha ɗaya ne."

"Goggo, wa ya ce miki ni na yi?"

"Mai shagon mana. Ya ce zanen yarinyar da zai aura ne. Wai ya ba ta dama don ya ƙarfafa mata gwiwa, ashe hannunta bai nuna ba. Ya ce mu yi haƙuri, kuskuren ɗan koyo ne."

Jama'a, ina tsaye cikin leshin biki, zaren tela na reto a hammatata, na ji wannan magana. Ranar da ake tafa masa ba a san da ni ba. Sai da abu ya ƙone aka tuna ina da suna.

Goggo Latifa ta dube ni sama da ƙasa. "Ba faɗa ya kawo ni ba. Na zo in gan ki ne, in tambaye ki ko yana gyaruwa."

Na ce ta bar min shi. Ta miƙe ta ce mai babur na jiranta a waje, ko abinci ba ta tsaya ci ba.

Na shiga ɗaki na tuɓe leshin na jefa kan gado. Na goge toka da tsohon buroshin haƙori, na ɗauko ɗaya daga cikin biyar ɗina na farko da na adana a ƙasan akwati, na jera su a kan tabarma kusa da taga.

Ba sai na ɗauko abin awo ba. Nasu ya gaza nawa girma da kusan kashi ɗaya cikin uku. Hanyar da na yi da faɗin yatsa ta koma kamar tsinken tsintsiya, kuma daidai nan ta ci wuta ta ɗago ta nannaɗe. Na juya bayansa, inda na shimfiɗa jan ƙarfe don ya sha zafi, wayam. Ramukan babu. 'Yan gwangwanayen nan an dawo da su an manna su jikin kayan zafi, ɗaya ya kumbura har kansa ya tsage. Fentin kariya ko ɗigo babu, ƙura ta daskare tsakanin layuka.

Amma zanena ne. Na gane hannuna a ciki, kamar ki ga rigarki a jikin wata an datse mata hannu an rage wuya.

Na ɗauki hoton su biyun na tura masa.

"Yaya Salim, wa ya taɓa min zane?"

Ya buɗe nan take. Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Sai bayan sa'a guda amsa ta shigo.

"Ina tafe bayan la'asar. Kar ki yi maganar da kowa."

Ya zo cikin shadda ruwan toka da hula zanna, turarensa ya cika zaure, da ledar kilishi a hannu. Na zauna nesa da shi a bakin tabarma, na ajiye allunan biyu a tsakaninmu. Ko kallonsu bai yi ba.

"Injiniya, ba gaisuwa?"

"Ina wuni. Wa ya taɓa shi?"

Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Ki fahimce ni. Masana'anta da girman allo take sa farashi, da kaurin jan ƙarfe. Da na bi yadda kika zana, wani ɗan Maradi ne zai ɗauke kwangilar. Akwai wani Ɗanasabe a Kano da ke yi wa mutane oda, shi ya ce zai ɗan matse shi."

"Ɗanasaben ya san zafin da ake yi a Gangara a bazara, cikin akwatin ƙarfe, da tsakar rana?"

"Ya ce duk haka ake yi."

"Masana'antar fa? Na sa takardar bayani a cikin zanen. Ba yadda za a yi su ga takarda ta ce mai kauri, oda ta ce siriri, su yi shiru."

Ya yi ta murza bakin hular. "Sun aiko tambaya. Wai wanne za su bi."

"Ka ce me?"

"Na ce su bi oda."

"Kana da lambata lokacin?"

"Nusaiba."

"Tambaya na yi. Kana da lambata?"

"Na san abin da za ki ce ne, shi ya sa."

Wallahi da ya yi min ƙarya da ya fi min sauƙi. Ya san abin da zan ce. Ke nan duk zaman da yake yi yana gyaɗa kai, ya fahimci komai.

Ya matso kaɗan ya sassauta murya. "Jibi Alhamis an kira zama a Gangara, a harabar magajin gari. Mushe Harouna na ƙungiyar taimakon zai zo, matan ma za su zo. Abu ɗaya nake roƙo. Ki ce kuskure aka samu a lissafi. Ke ba ki da shagon da za a rufe. Mace ce ke, za a ce Allah sarki, a wuce wurin. Ni kuwa in aka ce da sani na rage kaya, maganar jandarma ce, kama ni za a yi. Shagon nan da shi zan ciyar da ke."

"Sunana fa?"

Ya yi ɗan murmushi, irin wanda ake yi wa yaro. "Bayan biki wa zai zo neman zane wurinki? Kina ɗakinki. Wata biyu an manta."

Na kau da kai. Ya ɗauki hakan a matsayin yarda, ya tura min ledar kilishi, ya sa hula ya fita.

Ina shiga gida na tarar da Inna tsaye bayan ƙofar zaure, da muciya a hannu. Ta ji komai.

"Ki yi masa," in ji ta.

"Inna, ƙarya zan yi wa kaina."

"Rufin asiri za ki yi wa mijinki. Shekararki ashirin da shida, Nusaiba. Kin san abin da ake kiranki a gidajen biki? Ɗiyar Inusa mai walda. Ni nake ji, ni nake haɗiyewa. Yanzu Allah ya kawo wanda ya ce yana so da waldar da komi, sai ki tsaya gaban jama'a ki tuɓe masa riga? Mi za ki ci da sunan?"

Idonta ya kawo ruwa. Kar ku zage ta a ƙasan rubutun nan, don Allah. Tsoro ne ke damunta, kuma tsoron nata ba na banza ba ne.

Washegari da hantsi na kai wa Baffa fura lambu. Yana tsugune yana gyara kwarin ruwa tsakanin kunyoyin albasa, famfo na ta zuba a bayansa. Ya karɓi kwanon bai buɗe ba.

"Alhaji Mahamadu ya tare ni bayan sallar asuba," ya ce. Mahaifin Salim ke nan. "Shekara talatin muna sahu ɗaya da shi. Bai taɓa roƙona komi ba sai yau."

"Baffa, ka ga allunan?"

"Ba sai na gani ba. Ga naki nan yana aiki." Ya share hannu a rigarsa. "Ban ce ki yi ƙarya ba. Ban koya miki ita ba. Cewa na yi ki yi shiru. In an tambaye ki, ki sunkuyar da kai."

"In na yi shiru, maganar da ya riga ya faɗa ce za ta zauna."

"Na sani."

Ya ci gaba da tura ƙasa da hannu. Na juya na kama hanyar gida. 

Ranar Alhamis na sa doguwar riga baƙa da shuɗin hijabi, ko hoda ban shafa ba. Na jefa allunan biyu cikin jakar aikina, ni kaina ban san dalili ba, don na riga na yanke zan bi maganar Baffa. Ina cikin motar Gangara, a matse tsakanin buhun gero da wata mai goyo, saƙon Salim ya shigo: "Na gode tun kafin a yi. Allah ya bar mu tare, amaryata."

A ƙarƙashin bishiyar dogon yaro aka yi zaman. Mata sun fi sittin a kan tabarmi. Wata ta zo da kwano cike da busassun itacen tumatir ta ajiye a gaban teburi, ta koma ta zauna. Mushe Harouna, wato Malam Harouna a bakinmu na nan, jami'in ƙungiyar taimakon, wani siriri mai gilashi, ya buɗe taro ya ba Salim magana.

Salim ya iya magana, wannan ba a ƙwace masa. Ya yi salati, ya jajanta, ya ce shi ma bai runtsa ba tunda abin ya faru. Ya ce zanen wata baiwar Allah ce mai ƙoƙari, sai dai ilimin makaranta daban, na aiki daban, kuma shi ya yafe mata, yana roƙon iyayensa mata su ma su yafe.

Mushe Harouna ya juyo wurina. "Malama, haka ne?"

Na sunkuyar da kai. Na yi abin da Baffa ya ce. Na ji wata a bayana tana cewa, "Allah sarki, yarinya ce." Na ji Salim ya sauke numfashi.

"To, mafita fa?" in ji Mushe Harouna.

"Akwai ragowar alluna a shago," Salim ya ce. "Ran Asabar zan sauya duk waɗanda suka ƙone, kyauta."

Mata suka fara hamdala. Na ɗago na ga Goggo Latifa ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah. Ni kuma na san kwana nawa waɗannan ragowar za su yi. Goma, in sun daɗe sha biyar. Matan nan za su sayi sabon iri su dasa, su zuba taki, sannan ya sake mutuwa a hannunsu.

Ban san lokacin da na miƙe ba.  Na wuce teburin na je na durƙusa gaban Goggo Latifa, na sa mata allo ɗaya a kowane hannu.

"Goggo, taɓa nan. Wannan faffaɗan layin. Yanzu taɓa na wancan, wuri ɗaya."

Ta shafa da babban yatsa. "Wanga siriri ne."

"In kika tura ruwan famfo gaba ɗaya ta siririn tiyo, me zai faru?"

"Ya fashe mana."

"Haka wuta take. Na hannun damanki shi ne nawa, irinsa na lambun mahaifina shekara biyu. Na hagun an rage shi bayan ya bar hannuna, ban sani ba. Masana'anta sun tambaya, aka ce su ci gaba. Ragowar da ke shago duk irin na hagun ne. In aka sa muku, za su sake ƙonewa."

 Mushe Harouna ya taso ya karɓi allunan, ya cire gilashi ya kai su kusa da ido, ya juya su gaba da baya.

"Malam Salim, ina son ganin saƙonnin odar."

"Yanzu ita za a yarda da ita, ko ni?"

"Saƙonnin za a yarda da su. Suna cikin wayarka?"

Salim ya dube ni. Ban taɓa ganin wannan fuskar tasa ba, ba fushi a cikinta, kallon wanda aka ci amana yake min, har cikin ransa. Ya ce zai kawo takardu buro, wato ofishin ƙungiyar, ya hau babur ya tafi.

Kuna tsammanin an tafa min? Wata tsohuwa ce ta fara magana daga baya.

"To, mun ji mai laihi. Tumatir ɗinmu fa?"



Na ce guda ashirin da tara da ba su ƙone ba zan iya ceto su. In ɗora wayar jan ƙarfe mai kauri a kan siririn layin in liƙe da dalma, in janye gwangwanayen daga wurin zafi, in ƙara alminiyam. Kafin in zagayo kansu, a riƙa kashe famfo da tsakar rana. Goma sha ɗayan da suka ƙone kuwa sai an buga sababbi daga zanen asali.

"Kwana nawa?" Goggo Latifa ta tambaya.

"Sati uku, in an yi sa'a."

Ta naɗe kallabinta a hankali. "Albasa ba ta kaiwa sati uku, ɗiyata." Ta miƙe, ta dafa kafaɗata sau ɗaya, ta wuce.

Lambu uku na gyara a ranar, Mushe Harouna na kai ni a motarsu. Na iso gida daf da magariba, hannuna duk ƙunar dalma. Labari ya riga ni zuwa. Inna ta lulluɓe akwatunan lefe da tsohon zanen gado, na gaishe ta ta amsa wa bango. Na zuba wa Baffa tuwo na kai masa, na durƙusa.

"Mayar," ya ce.

"Baffa."

"Gaskiya kika faɗa, ban ce ba ita ba ce. Amma yau la'asar, don kunyar Alhaji Mahamadu, sai masallacin ƙetaren titi na tahi, kamar baƙo. Mayar da tuwon, ba ya shiga."

Na ɗauko kwanon da zafinsa na dawo da shi madafa.

Juma'a da safe ina haɗa jaka zan koma Gangara, waya ta yi ƙara. Salim ne. Hoto ya fara turowa, kwalaye jere a bayan shagonsa har kusan rufi. Sai saƙon murya. Muryarsa a kwance, kamar ba abin da ya faru.

"Injiniya, kin ga waɗannan? Guda tamanin ne. Manoman Sae Sabuwa suka saya da kansu, ba ruwan wata ƙungiya, ba su san Mushe Harouna ba. Gobe za a kafa. Bugu ɗaya ne da na Gangara. Kin ce kin iya gyarawa, to ga dama. Ki zo shago ta ƙofar baya ki gyara su, ba wanda zai ji. Sannan ki kira Mushe Harouna ki ce ɓacin rai ne ya sa ki magana jiya. Biki na nan yadda aka sa. In ba ki zo ba, a haka za su tafi. Tunda tausayin manoma gare ki, sai ki zaɓa."

Na saurara sau biyu. Na zauna bakin gado ina kallon wayar. Ko mutum ɗaya ban sani ba a Sae Sabuwa. Ban taɓa taka garin ba, abin da na sani kawai yana can gaba da Maradi. Na kira Mushe Harouna, wayarsa a kashe.

Na zura hijabi, na rataya jakar, na sa allunan biyu a aljihun gefe. Inna na tankaɗe a tsakar gida, ba ta ɗago ba.

Baffa na zaune a zaure, ya miƙe ƙafafunsa a bakin ƙofar fita, carbi a hannu.

"Ina za ki?"

"Baffa, wace mota ke zuwa Sae Sabuwa?"

Ya amsa yana jan carbi, idonsa a ƙasa.

"Babu mai zuwa kai tsaye. Sai kin sauka Maradi kin sake wata." Ya ja ƙwaya biyu. "Alhaji Mahamadu ya aiko. Ya ce in kika sake buɗe baki a kan ɗansa, kafin ki dawo za a zo a kwashe akwatuna. Ki san da wannan."

"Na sani, Baffa."

Daga titi ina jin ɗan kamasho na kiran Maradi, saura mutum biyu. Baffa bai janye ƙafarsa daga bakin ƙofa ba. Ni ma ban sauke jakar ba.